Saura Sha Biyu a Agogon Zabuwa

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ka manta kana da yaya a duniya.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamanin. Sau uku ina kiranka a waya, ina ta ɗaga murya har maƙwabta suka san halin da muke ciki, kai kuma kana cewa layin ne ba kyau. Shi ya sa na ba direban motar haya wannan ya kawo maka.

Maganar Baba ce. Likita ya ce ciwon idon ya ci jijiya, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a rage masa gudu. Yanzu da gilashin ƙara girman rubutu yake karatu, kuma an ce nan da 'yan watanni ko shi ba zai ƙara yi masa amfani ba. Bai nuna damuwa ba, ka san halinsa. Amma shekaranjiya da hantsi na same shi a rumfar bayan gida, ya yaye tamfol daga kan motarsa Zabuwa, yana zaune a kujerar direba, ya kara gilashin nan a kan agogon tafiya. Lambobin suna nan yadda na san su tun tuni: 99,988. Bai ko juyo ba ya ce, "Saura sha biyu ta koma sifili karo na uku. Da na so in ga juyawar nan da idona." Ya mayar da tamfol ya shige ɗaki. Kawu, na daɗe ban ji abin da ya taɓa min zuciya kamar maganar nan ba.

Shekara bakwai ke nan Zabuwa ba ta motsa ba, tun ranar da lagireto ya tsiyaye ta yi zafi. Bakanike nawa na kawo, Baba ya kore su tun daga bakin ƙofa. Ni kaɗai yake bari in taɓa ta, wai hannun tela ba ya ɓarna. To na yanke shawara ni zan gyara ta. Kar ka yi dariya. Duk wata nake kwance kekena na ɗinki in mayar, kuma ban taɓa samun noti ya yi saura ba.

Na san tun rigimar da kuka yi da Baba kan salansar motar, shekara tara, ba ka ƙara taka gidan nan ba. Ban ce ka zo ba. Ka dai gaya min ta inda zan fara, don babu wanda ya san cikin motar nan kamarka.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da Yaya. Ki ce mata ban manta ba, aiki ne ya yi yawa. Kuma layin wayar nan da gaske ba shi da kyau.

Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba. Keken ɗinki da injin mai silinda shida da kafireta biyu! Amma da na gama dariyar na sake karanta abin da likita ya ce, sai na ɗauko biro.

Abu na farko, kar ki kuskura ki murɗa makulli. Man da ya shekara bakwai a tanki ya zama ƙaro, in ya shiga kafireta kin ja wa kanki aikin wata guda. Ki sauke tankin ki wanke shi. Ki cire filogi shidan, ki ɗiga baƙin mai cokali ɗaya a kowane rami, ki bar shi kwana biyu. Sannan ki sa babbar sifana a notin gaban injin ki juya da hannu, a hankali. In ya juya, Zabuwa tana da rai. In ya ƙi, kar ki yi masa ƙarfi, ki rubuto min. Babbar sifanar tana ƙarƙashin tayar ajiya a but, tawa ce, da jan fenti a wutsiya. In babanki bai jefar da ita ba.

Duk abin da kika kwance ki jera shi yadda ya fito, na hagu daban na dama daban. Duk tiyon ruwa ki sake sabo, ko ya yi miki kyau a ido. Kuma kar ki shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, ki tokare da katako mai kauri.

Ki sani, ba don babanki nake yi ba, don motar nake yi. Shekara ashirin da biyar ina kula da ita, sau biyu ina zaune a gefensa lambobin nan suka juya. Rana ɗaya na sa mata salansa mai ɗan sauti ban tambaye shi ba, ya tsaya a gaban mutane ya ce na yanka mata murya, wai ni mahauci ne ba bakanike ba. Saboda haka kar ki ce masa daga wurina kike samun bayani.

Maganin ɗigawa a ido da likita ya ba shi, yana sawa a kan lokaci? Mutumin nan ko baƙin mai sai an tuna masa.

Ki gaishe da kowa.
Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum, da fatan ka tashi lafiya. Albishirinka! Ta juya! Da farko ta cije, na ja sifana har na ji kafaɗata za ta fita, sai na tuna ka ce ban da ƙarfi. Na ƙara mata kwana ɗaya da mai. Jiya da safe na ɗora hannu kawai, sai na ji ta saki, tana fitar da iska ta ramukan filogi, fus, fus. Na yi tsalle har kaina ya bugi boneti. Sifanarka kuwa tana nan inda ka ce, a naɗe cikin tsumma, ko ɗigon tsatsa babu. Wani yana shafa mata mai, kuma ba ni ba ce.

Gidan nan ya zama gareji. Na jera notuna a farantin Inna mai gida-gida, na jiƙa kafireta a tsohuwar tukunyarta. Ta ce ita ta haifi tela, ba ta san ranar da aka musanya mata da bakanike ba, kuma jininku ne ya tashi. Duk da faɗan, ita ce ta kawo min tsohon buroshin haƙori, kuma ita ta gano gidan ɓera a cikin matatar iska. Kawu, har da sauran ƙyallen atamfata a ciki, wanda na yi ta nema bara ina zargin mutane.

Gaskit ɗin famfon ruwa ya fito a ruɓe, na zaga shaguna huɗu babu irinsa, kowa sai ya ce motar ta girme shi. Sai na sayo takardar gaskit, na ɗora famfon a kai, na zana da allin ɗinki kamar ina fitar da wuyan riga, na yanka da ƙaramin almakashi. Ya zauna daram. Mai gyaran lagireto na bakin kasuwa ya like inda ya fashe, da ya ga gaskit ɗin ya tambaye ni ko zan yanka masa goma.

Baba kullum yana fito da kujerarsa ya zauna a inuwa, wai iska yake sha. Ba ya cewa komai sai na yi kuskure. Ranar da na jera kaya hagu daban dama daban, ya shafa su da hannu ya ce, "Wannan jerin na taɓa sanin mai irinsa." Na ce a wurin ɗinki na koya. Ya ce, "To, madalla da ɗinki." Maganin yana sawa, ni nake ɗiga masa. Amma idon hagu ya ƙara ja da baya, jiya ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ya wuce shi. Ina sauri, Kawu, ina tsoron kada lokaci ya riga ni.

Yanzu me ya rage kafin in murɗa makulli?

'Yarka mai baƙin farce,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari. Gaskit da allin ɗinki! Na nuna wa abokan aikina wasiƙar, babu wanda ya yarda. Na ce musu 'yar yayata ce, su kama bakinsu.

Ki zuba sabon baƙin mai, ki sa sabuwar matata, sabon batir, sabon fanbel. Birki kafin komai: ki zubar da tsohon man birki, Yaya ta zauna tana taka miki feda kina sakin iska taya bayan taya. Motar nan ba ta san wasa ba, in kin taɓa totur sai ta nemi ta bar ki a baya. Tayoyin ma su tafi, ko zanensu bai cinye ba.

In ta tashi za ta yi ta karkarwa, don kafiretocin biyu ba su daidaita ba. Ga yadda ake yi. Ki samo guntun tiyo kamu biyu, ki sa baki ɗaya a kunnenki, ɗayan a bakin kafireta ta gaba, ki saurari yadda take shaƙar iska. Ki koma ta baya ki saurara. Ki riƙa murɗa ƙaramin sukurun gefe har muryoyin biyu su zama ɗaya. Ba a koya wannan a takarda, aikin kunne ne, kuma ke kina da shi. Ki gode wa Allah a kan haka.

Salansar kuma, na san ya daɗe da cire tawa ya mayar da ta asali. Ki duba ko ta huje.

Ki hanzarta, amma ban da gaggawa a birki.
Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ka zauna kafin ka karanta wannan, doguwa ce.

Ta tashi ranar Talata, a murɗawa ta huɗu. Kawu, ashe haka muryarta take! Tantabarun maƙwabta suka watse, mai shagon kan kwana ya fito da gudu ya ɗauka janareto ne ya fashe, hayaƙi ya cika tsakar gida, Inna tana tari tana dariya. Baba ya miƙe tsaye bai ma san ya miƙe ba. Da na ɗauko tiyo na sa a kunne, sai ya ce, "Wannan ma a ɗinki kika koya?" Na yi kamar ƙarar injin ta hana ni ji. Shi ya taya ni ma, daga kujerarsa yake cewa ta baya ta fi ja, in rage mata kaɗan. Kuma salansarka ce a jiki, bai taɓa cirewa ba.

Ranar Alhamis da safe muka fita, ni a sitiyari, Baba a gefe da gilashinsa, Inna ta lanƙwashe a baya tana cewa wannan kujerar ba don mutane aka yi ta ba. Na auna hanya tun kafin ranar, daga gida zuwa bayan gadar jirgi kilomita sha biyu ne cif. Muka hau babban titi, na sa giya ta uku, motar ta miƙe kamar an sake ta daga turke. Na saci kallon agogo, sai na ga allura a kwance, ko motsi. Muka wuce gada, lambobi suna nan a 99,988. Na tsaya a gefen titi, hawaye ya zubo min, wata biyu na aiki ya tashi a banza. Baba kuwa ko a jikinsa. Ya ce, "Agogon ya daɗe da tsayawa. Amma kin ji yadda take tafiya?"

Da muka dawo na kwanta a ƙarƙashin sitiyari da tocila, ina neman wayar da ke tasowa daga giya zuwa bayan agogo, na ɗauka ta tsinke. Ba ta tsinke ba, Kawu. Kwance ta aka yi da hannu. An shafa wa bakinta giris, an naɗe da farin hankici, an ɗaure da zare an maƙale a gefe.

Na kai wa Inna hankicin a kicin. Ta dube shi ta ce, "Ai na san za ki gano." Ta ce bayan faɗanku da sati biyu Baba ya dawo daga aiki, ya ga saura sha biyu, ya shiga ƙarƙashin sitiyari da kayansa masu guga ya kwance wayar. Shekara biyu ya ƙara yana yawo da ita haka, duk wanda ya tambaya sai ya ce agogon ya lalace. Da ta yi masa magana ya ce, "Biyun farko da ƙanenki muka gani. Ba zan ga na uku ni kaɗai ba." Na ce to me ya hana shi kiranka? Ta ce, "Abin da ya hana kawunki zuwa. Kawunansu biyu in aka haɗa sai a fasa dutse."

Ka ga ashe ni na fahimci maganarsa a baibai. Na ɗauka injin ne ya tsaya masa. Wayar tana nan, minti biyar ya isa in ɗaura ta, amma ban ɗaura ba. Likita ya sake duba shi jiya, ya ce idon dama ne kawai ya rage da ɗan ƙarfi. Na yi alkawari ba zan ce ka zo ba, kuma ban ce ba. Labari kawai na ba ka.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Kwana uku wasiƙarki tana aljihuna, na karanta ta ya fi sau goma.

Tunda an fara tone-tone, bari in faɗi nawa. Layin waya lafiyarsa ƙalau. Kunnena ne. Shekara arba'in na guduma da ƙarar inji sun cinye shi, kuma tun wancan lokacin ya fara tafiya. Ranar da abin ya faru na sa tiyo a kafiretar Zabuwa ban ji komai ba, shiru kamar na sa kunne a bango. Na tsorata ƙwarai. Bakaniken da ba ya jin inji me ya rage masa? Shi ya sa na sa mata salansa mai ƙara, don in riƙa jin ta ko yaya. Da babanki ya ce mahauci, na gwammace ya ɗauke ni maɓarnaci da ya san na kurumce. Ko Yaya ban gaya wa ba.

Ina son zuwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Na yi kewar motar, na yi kewar mai motar fiye da ita. Amma shekara tara ba a shigowa da ita haka kawai kamar an je sayen filogi an dawo. Ban san da wace fuska zan yi sallama ba.

Wannan tsakanina da ke ne. Kar ki karanta wa kowa.
Kawunki

*

Bakanike,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da girman rubutun, haka nake iya ganinsa yanzu.

Auta ta karanta min wasiƙarka. Kar ka ga laifinta, ni na ce ta karanta, kuma tun ranar da ta jera notuna na san hannun wa ke ciki.

Da ka gaya min. Ni ma da na tambaya kafin in buɗe baki. Kalmar da na faɗa ba ta dace ba, na janye ta, ka yafe min. Salansar kuwa cikin wata ɗaya na saba da ita, har na fi son ta, girman kai ya hana ni faɗa.

Ka zo ranar Asabar da motar safe. Fuskar da kake da ita ta isa, ni ba ma ganinta zan yi sosai ba. Wayar agogo tana jiran hannunka.

Naka,
Mai Zabuwa

*

Auta,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya, sai dai bayana har yanzu yana tuna kujerar bayan nan. Yaya ta yi gaskiya.

Kin tambaye ni a tasha ko Baba ya gani da gaske, ko kuwa don ya faranta mana ya ce ya gani. Mota ta tashi ban ba ki amsa ba. Ke idonki yana kan titi, yadda na umarce ki, to ga abin da ya wuce ki. Bayan na ɗaura wayar mun fita, da muka kusa gada na leƙo ta tsakanin kujeru, shi ya kara gilashi har hancinsa yana taɓa agogo. Taran nan biyar suka fara mirginawa tare. Ni na riga na ɗaga hannu ina ihu, sai ya damƙe min wuyan hannu ya girgiza kai, ya nuna lamba ta ƙarshe da yatsa. Na duba, ashe ba ta gama zama ba, saura ƙiris. Sai da ta zauna sannan ya sake ni. Ya fi ni gani, 'yata, ki kwantar da hankalinki.

Ni ma na ji ta lokacin da kika taka bayan gada. Ba sosai ba, amma na ji.

Na bar miki sifanar, taki ce yanzu. Babanki ya ce in dawo in agogo ya kai dubu ɗaya mu canza baƙin mai tare. Saboda haka kar ki bar ta a rumfa, ki riƙa fita da shi kullum, kuma ki bi doguwar hanya.

Kawunki